Yadda muka nemo wa Baba wasiƙar shugaban ƙasarsu lokacin da Baban ya cika shekara 100

Aikin kula da tsofaffi nake yi a Manchesta, irin wanda ake bin mutum har gidansa ɗin nan, ka tashe shi da safe ka taimaka mai da wanka da sa kaya, ka haɗa mai abin kari ka ba shi magani, da dare ka dawo ka kwantar da shi. Da bizar da aka buɗe wa masu wannan aikin a 2022 na shigo. Cikin mutanen da kamfaninmu ya haɗa ni da su akwai wani dattijo ɗan asalin ƙasar Ayalan a unguwar Levenshulme, ni Baba nake ce mai, shi kuma ɗana yake ce min. Babbar 'yarsa, wadda nake kira Anti, ita kanta ta haura saba'in, ta yarda in ba da labarin nan amma banda suna, toh shi ya sa ba za ku ga suna ba.

Wajen ƙarshen 2023 ne Anti ta dawo daga wani taron cin abinci da 'yan Ayalan mazauna garin suke shirya wa tsofaffinsu, ta ce wai an gaya mata shugaban ƙasarsu yana aika wa duk wanda ya cika shekara 100 wasiƙa da sa hannunsa, haɗe da kuɗi yuro 2,540. Abun ya daɗe fa, tun 1940 zamanin shugabansu na farko Douglas Hyde aka fara, amma da can sai wanda ke zaune a cikin ƙasar ake ba, sai a 2006 aka ce duk ɗan ƙasa da aka haifa a tsibirin ko a ina yake zaune a duniya shi ma ya cancanta. Wanda ke gida yana karɓar fansho ba ya wata wahala, ma'aikatar da ke biyansa ita ke sanar da fadar shugaban ƙasa. Na waje kam sai an nema, ta ma'aikatar harkokin wajensu a Dablin. Anti ba ta jituwa da kwamfuta, ƙannenta kuma ɗaya na Ostireliya sauran suna warwatse a Ingila kowa da hidimarsa, sai ta ce min dan Allah ɗana ko za ka zauna da ni mu cika fom ɗin nan. Na sanar da ofis ɗinmu saboda ƙa'idar aiki ba ta yarda ka taɓa maganar kuɗin wanda kake kula da shi ba, suka ce ba laifi in dai latsa kwamfuta ne da karatu, sa hannu da harkar banki kuma na iyali ne. A haka muka tsaya.

Da muka gaya wa Baba sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ƙasar da ba ta iya ba shi aiki yana ɗan shekara ashirin ba ita ce za ta ba shi kuɗi yana ɗari. Ba wasa yake ba, ransa ne ya sosu. Yana yawan faɗa min cewa tun da ya bar gida bai taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasarsu ba, don dokarsu ba ta ba mazauna waje wannan damar ba, alhali kuɗinsu ne ya riƙe gidaje da yawa a can. Abin da ya sauko da shi sunan Mary Robinson ne, 'yar jiharsu ce ta Mayo, daga garin Ballina, da ta zama shugabar ƙasa a 1990 ta sa aka kunna fitila a tagar fadar shugaban ƙasa saboda waɗanda suka tafi ci-rani. Anti ta ce Baba ai daga gidan da fitilar nan take wasiƙar za ta fito. Ya ce toh ku cika.

Fom ɗin kansa ba shi da tsawo, mun sauke shi daga shafin ma'aikatar muka buga a takarda. Suna, inda aka haife ka, ranar haihuwa, adireshin yanzu, sai wanda za a tuntuɓa. Abubuwan da za a haɗa da shi su ne aikin: takardar haihuwa ta hukuma, shaida mai hoto, da wani abu da ke nuna a nan adireshin yake zaune. Na adireshi bai ba mu wuya ba, wasiƙun fansho da takardar kuɗin gas suna nan jibge. Fasfo ɗinsa na Ayalan ya daɗe da ƙarewa tunda ya daina tafiya, amma yana nan, har da tsofaffin na da masu koren bango, duk ya ɗaure su da roba. Bai taɓa karɓar fasfo na Birtaniya ba duk shekarun nan, bai ma buƙata ba, don ɗan Ayalan yana da damar zama da aiki a Birtaniya ba tare da biza ba. Takardar haihuwa ce muka nema sama ko ƙasa babu.

A nan ne aka sauko da gwangwanin biskit daga saman wadirob. Wallahi ni a wajena gwangwanin nan ya fi komai a cikin hidimar. Babu takardar haihuwa a ciki, amma akwai rasit na gidan waya, ɗauri ɗauri, kowane ɗauri an rubuta shekararsa da fensir a kan wani guntun kwali, sun yi ruwan ƙasa wasu har rubutun ya dushe. Rasit ne na fasa'oda, wato takardar aika kuɗi ta gidan waya, da yake aika wa mahaifiyarsa duk mako. Ɗaurin farko 1947. Anti tana juya su tana hawaye, ta ce ta san yana aika kuɗi gida amma ba ta taɓa sanin ya adana shaidar ba, Baba ya ce ba don a gani ya ajiye ba, don in kuɗin ya ɓata a hanya ne ya samu abin nunawa a gidan waya, daga baya kuma ya kasa zubarwa.

Daga ranar duk tambayar da fom ya yi mana sai ta buɗe wani babi. Mun tambaye shi takamaiman sunan ƙauyen da aka haife shi, don a can ba sunan gari kawai ake nema ba, kowane ɗan yanki na gonaki yana da sunansa kuma da shi ake rajista, sai ya ba mu sunan ya ɗora da labarin gidan. Gabashin Mayo, gida mai ɗaki biyu da rufin ciyawa, su tara iyayensu suka haifa shi ne na uku. Gonar 'yar ƙarama ce, duwatsu sun fi ƙasa yawa, saniya biyu, alade ɗaya, kaji, dankalin turawa. Ba itace suke ƙonawa ba, wata baƙar ƙasar fadama ce suke yankawa kamar tubali su shanya ta bushe su yi girki da ɗumi da ita. An haife shi a 1924, ƙasar ba ta fi shekara biyu da samun 'yancin kanta ba kuma yanzu ta fito daga yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923. Ya ce kakarsa takan ba su labarin da ta ji daga iyayenta na babbar yunwar da ta fara a 1845 lokacin da ciwo ya kama dankali, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya wasu kamar haka kuma suka tsere, kuma Mayo na cikin inda abun ya fi muni. Shi ya sa har yau Baba ba ya yarda a zubar da abinci, in ya rage ɓawon burodi sai ya ce in nannaɗe mai.

Makaranta ya bari yana 14. A yankinsu al'ada ce maza su tsallaka Ingila aikin gona lokacin yankan ciyawa da tonon dankali su dawo da sanyi, babansa ma haka ya yi ta yi. Shi dai a 1947 ya tafi tafiyar da ba dawowa, bayan wani mugun hunturu da dusar ƙanƙara ta kashe dabbobi ta rufe hanyoyi. Jirgin ƙasa zuwa Dablin, jirgin ruwa daga Dún Laoghaire zuwa Holyhead a Wales, ya ce jirgin cike yake da samari da 'yan mata kowa da akwatin kwali ɗaure da igiya, ana ta amai ana kuka, daga can kuma jirgin ƙasa zuwa Manchesta. Ba shi kaɗai ba ne ai, a shekarun 1950 mutum sama da 400,000 suka bar ƙasar, har a ƙidayar 1961 yawan jama'arsu ya faɗo zuwa miliyan 2.8. Ya ce a ajinsu na firamare waɗanda suka tsufa a ƙauyen ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Mu koma kan takarda. Akwai shafin gwamnatinsu na intanet da ake duba tsofaffin rajistar haihuwa kyauta, amma sai haihuwar da ta wuce shekara 100 ake sakawa, saboda haka mun ga na yayyinsa biyu, da rubutun hannun mai rajista da sunan babansu an rubuta manomi, nasa kam bai shigo ba tukuna. Dole sai an yi odar takardar. Babban ofishin rajistarsu yana garin Roscommon, kuma ana iya yin odar ta intanet, yuro 20 muka biya da katin Anti, muka saka sunansa da sunan babansa da sunan mahaifiyarsa na gidansu kafin aure, da ranar da duk gidan suka sani a matsayin ranar haihuwarsa, farkon Fabrairu. Sai amsa ta zo cewa akwai yaro mai wannan sunan da waɗannan iyayen a wannan ƙauyen, amma ranar da ke rubuce tsakiyar Afrilu ce. Wata biyu da 'yan kwanaki tsakani.

Hankalin Anti ya tashi, ta ɗauka ko wani yaro ne daban, ko an yi wani ɗa da ya rasu aka maida wa Baba sunansa. Baba kuwa ko a jikinsa, ya ce ai ya sani, lokacin aurensa ma maganar ta taso. Dokar wancan lokacin ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 42, in ka wuce akwai tara. Shi an haife shi cikin sanyi da ruwa, wurin rajista yana da nisa a ƙafa, babansa bai samu zuwa ba sai wajen Mayu, da ya je kuma ba shi da kuɗin tara, sai ya matso da ranar gaba yadda za ta shiga cikin wa'adi. Ashe abu ne da ya zama ruwan dare a ƙauyukansu, masu binciken asali sun san shi sosai, za ka ga an yi wa yaro baftisma a coci makonni kafin ranar da takardar gwamnati ta ce an haife shi. Ni dai abun bai ba ni mamaki ba, duk wanda ya taɓa zuwa kotu a gida yin takardar rantsuwar shekaru ya san yadda ranar haihuwa ke tafiya da buƙatar mai ita.

Don mu tabbatar sai Anti ta kira cocin ƙauyensu. Wata mata da ke riƙe da ofis ɗin fada ta ce a ba ta lokaci ta duba littafi, bayan kamar mako ta turo hoton shafin ta imel sannan ta aiko da takardar baftisma mai hatimi ta gidan waya. Ga shi nan ɓaro ɓaro, Fabrairu 1924, kwana biyu bayan haihuwa aka kai shi coci, don a lokacin ba sa jinkiri saboda yawan mutuwar jarirai. Har da sunan waɗanda suka tsaya mai a matsayin iyayen baftisma. Na karanta mai sunayen, da na zo kan na macen sai ya ce Allah sarki, ƙanwar mamana ce, ita ta ba ni kuɗin jirgi.

Anti ta kira ma'aikatar a Dablin ta yi musu bayani, kuma gaskiya sun karɓe ta da mutunci, suka ce ta haɗo duka takardun biyu da ɗan bayani, amma ranar da ke kan takardar haihuwa ta hukuma ita za su bi. Fasfo ɗinsa da takardun fansho ma da muka duba da kyau duk Afrilu suke ɗauke da shi, Fabrairu a cikin gida kawai take. Toh ka ga an ƙara mana wata biyu kenan, kuma ga mutum ɗan 99 wata biyu ba wasa ba ne. Ba wanda ya furta amma kowa abin da ke ransa kenan.

Sai sa hannu. Hannun Baba yana rawa, kuma yatsunsa sun kanannaɗe da amosanin gaɓɓai, ga su manya manya kamar ba na tsoho ba, babban yatsan dama ya karkace tun wani rauni da ya ji a wurin aiki. Anti ta ce ko ta sa mai tunda tana da takardar wakilci, ya ce a'a shi zai sa da kansa. Na kawo faranti na ɗora takardar a kai na riƙe mai gefe, ya gwada a wata farar takarda tukuna, sannan ya rubuta cikakken sunansa harafi bayan harafi irin rubutun 'yan makarantar da, mai haɗe da juna, yana yi yana cije leɓe. Ya ɗau lokaci sosai. Da ya gama ya ajiye biro ya ce da diga da shebur ne da tuni na gama.

Aikin da ya yi kenan shekara arba'in da wani abu, lebura. Tonon rami na wayar lantarki da bututun gas, zuba kankare, shimfiɗa kwalta. Ya yi aiki a hanyar da ta zagaye Preston wadda aka buɗe a 1958, ita ce babbar hanyar mota irinta ta farko a Birtaniya kuma yanzu tana cikin babbar hanyar da ake kira M6, ya kuma yi a gadar saman nan ta Mancunian Way da ke tsakiyar Manchesta da aka buɗe a 1967, wadda nake bi ta ƙarƙashinta a bas kusan kullum. Ya ce da asuba ake tsayawa a bakin titi, motar ɗan kwangila ta zo helima ya leƙo ya nuna kai da kai da kai, wani lokaci takalminka yake kallo, in babu laka a jiki ya san ba ka yi aiki jiya ba. Da ya fara zuwa neman ɗakin haya ya ce ya sha ganin takarda a taga an rubuta ba a son ɗan Ayalan, wasu su ƙara da baƙar fata. Ranar da ya faɗa min wannan ya kama hannuna ya ce ni da kai a taga ɗaya aka rubuta mu.

Abin da ya cinye da yawa daga abokan aikinsa giya ce da kaɗaici. A mashaya ake biyan albashi ko a canza maka cek, kuma mai mashaya ba zai canza maka ba sai ka sha, ɗakin hayar kuma ba a yarda ka zauna da rana ba, toh ina za ka? Wasu kuma kuɗi a hannu ake ba su babu rajista babu komai, da ƙarfi ya ƙare sai ga shi ba fansho ba iyali, kunya ta hana su komawa gida hannu rabbana. Baba bai taɓa sha ba. Akwai wani ɗan baji da yake maƙalawa a wuyan kwat ɗinsa, na wata ƙungiyar 'yan Katolika masu alƙawarin ƙin giya da aka kafa a Dablin tun 1898, Pioneer suke ce mata, tun yana yaro ya ɗau alƙawarin bai karya ba. In zan sa mai kwat ranar Lahadi sai ya shafa wurin ya ji ko bajin na nan. Ya ce ranar biya yakan shiga mashayar ya karɓi kuɗinsa ya sayi lemo ya fito, gobe da safe gidan waya. Da kuɗin nan aka biya wa ƙannensa biyu jirgin Amurka, da shi aka canza rufin ciyawa, da shi aka ja musu wutar lantarki lokacin da aikin kai wuta ƙauyuka da aka fara a 1946 ya iso yankinsu.

Matarsa nas ce, 'yar jihar Roscommon, cikin 'yan matan da asibitocin Birtaniya suka ɗebo daga Ayalan bayan an kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948. A wurin rawa suka haɗu, suka yi aure a 1953, 'ya'ya shida. In tana aikin dare shi ke yi wa yara wanka ya taje musu kai ya dafa musu abinci, a zamanin da namiji ɗan uwansa zai ji kunyar a gan shi da tawul a kafaɗa. Anti ta ce ba ta taɓa tuna wata Lahadi da suka ci abinci su kaɗai ba, kullum sai ya taho da wani tuzuru daga coci, cikin mutanen nan da ba su da kowa, wani ma har wari yake, mamansu ta ƙara faranti ba ta ce komai ba. Da irinsu suka fara mutuwa kuma shi ke bin gida gida yana tara kuɗin jana'iza don kar hukuma ta binne su ba kowa a kai. Sun ga tashin hankali kuma, bayan bama-baman mashayar Birmingham na 1974 da suka kashe mutum 21, waɗanda aka ɗora wa IRA, ƙungiyar 'yan bindigar Ayalan, ya ce sai da ya yi makonni ba ya buɗe baki a bas saboda kar a ji harshensa, ya hana yaran fita da dare. Haka a 1996 da bam ɗin IRA ya tarwatsa tsakiyar Manchesta, ya ce ranar ya yi kuka, garin da ya gina da hannunsa ne kuma da sunan ƙasarsa aka yi.

Da matar ta kamu da ciwon mantuwa ya haura tamanin, 'ya'yan suka ce a kai ta gidan kula da tsofaffi ya ce ba inda za ta. Shi ya riƙe ta shekaru, yana ba ta abinci a baki, har ta kai ba ta gane shi tana tambayarsa ina mijinta, ya ce mata yana hanya. Ni da nake wannan aikin ana biyana, in na gama awannina in tafi gida in huta, na san abin da ake nufi da mutum ɗaya ya yi shi dare da rana. Har yanzu gefenta na gado ba ya kwanciya a kai, in na gyara shimfiɗa sai na sa filo biyu.

Muka haɗa komai, fom da takardar haihuwa da ta baftisma da kwafin fasfo da shaidar adireshi da wasiƙar bayani da Anti ta rubuta, ta kai gidan waya ta aika da rajista tun kafin sabuwar shekara. Shawarata ga duk wanda irin wannan hidimar za ta faɗo wa, ya fara da takardar haihuwa tun da sauran watanni, don ita ce mai ɓoyayyen aiki, sauran duk a cikin gida suke. Bayan wani lokaci suka turo saƙo cewa takardu sun iso, da lokaci ya matso kuma suka kira Anti su ji lafiyarsa su tabbatar da adireshin.

A Fabrairu aka yi bikin gida, wanda shi Baba yake ɗauka a matsayin na gaskiya. Fada ya zo ya yi musu addu'a a falo, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne gidan ya cika har kan matakala, na Ostireliya ma ya zo. Wani jika ya kawo mai rigar ƙwallon Mayo mai kore da ja, irin ƙwallonsu na gargajiya da ake haɗa hannu da ƙafa, rabon jihar da cin kofin ƙasa tun 1951, Baba ya ce shi fa ba zai tafi ba sai sun ci.

Sai ga Maris ya zo da ciwon ƙirji. Ya kwanta sosai, numfashi da ƙyar, likita ya zo gida ya rubuta magani ya ce in bai sauka ba sai asibiti, Baba ya ce shi a gadonsa zai zauna. Lokacin azumi ya kama, su ma suna cikin nasu na kafin Ista. Ina zuwa da yamma in ɗaga shi in jera mai filo a baya in dinga ba shi ruwa da cokali, carbinsa na hannunsa, kuma a cikin wannan halin mutumin nan yake kallon agogon bango ya ce min ɗana rana ta faɗi, je kicin ka sha ruwa. Ya sa Anti ta sayo dabino ta ajiye min a kan firij. Ba ni na gaya mai ana buɗa baki da dabino ba, wani ɗan Pakistan da suka yi aikin rami tare a shekarun 1960 ya gani yana yi, bai manta ba. Na yi mai addu'a a cikin sujadata ba sau ɗaya ba, ba na jin nauyin faɗa. Wajen ƙarshen wata zazzaɓin ya sauka, ya fara neman shayinsa mai kauri da madara.

Wasiƙar ta iso ana saura 'yan kwanaki, bayan ƙaramar sallah kaɗan, ambulan mai kauri da tambarin garayar nan ta ƙasarsu. Anti ta ɓoye sai ranar. Ya ce a sa mai kwat da taye, na sa mai, ya shafa bajinsa, muka zaunar da shi a kujerarsa ta bakin taga. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu sai Anti ta karanta, taya murna ce da fatan alheri da ambaton irin zamanin da ya ratsa, a ƙasa ga sa hannun shugaban ƙasar na lokacin, Michael D. Higgins, da biro. Ya karɓa ya kai ta kusa da fuska yana bin sa hannun da yatsa, ya ce wannan ma ai ya zauna a Manchesta, ya yi karatu a jami'ar nan. Sannan ya ce a sake karanta mai daga farko. Da aka gama ya ce da mamanku na nan, bai ƙarasa ba, Anti ta fita kicin.

Kuɗin ma sun iso, a canjin lokacin sun haura naira miliyan uku. 'Ya'yan suka ce a saya mai sabuwar kujera mai ɗaga mutum da lantarki don tasa ta tsufa, ya ƙi, ya ce su haɗa kuɗi su saya in suna so, wannan kuɗin daga gida ya zo gida zai koma. Dutsen kabarin iyayensa a Mayo ya karkace rubutun ya goge, kuma akwai ƙanwarsu da ta rasu tana jaririya wadda ba a taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba, ya ce a gyara dutsen a ƙara sunanta. Abin da ya rage ya sa aka canza zuwa fam aka raba a ambulan, kowane tattaɓa kunne da nasa, ya sa Anti ta rubuta sunayen yana faɗa mata ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko ɗaya ba. Ya so ya ba ni ambulan ni ma, na ce Baba dokar aiki ta hana, ya yi ta faɗa, ƙarshe muka shirya a kan zai ba ni tsohuwar hular sanyinsa bayan Anti ta sanar da ofis.

Da bazara ɗansa na biyu ya bi jirgi daga Manchesta zuwa filin jirgin Knock da ke Mayo ya tsaya a kan aikin kabarin, ya turo hotuna ta WhatsApp na buɗe wa Baba a waya na ƙara girman rubutun har ya iya karantawa. Ya ce mai sassaƙar ya yi aiki mai kyau amma a gaya mai ya dawo ya cire ciyawar da ke gefen hagu. Kujerar kuma 'ya'yan sun saya da kuɗinsu, ya yi kwana biyu yana ƙin zama a kai sannan ya haƙura.